Goron Gayyata Zuwa Majami'a

Sunan Shadawanka ya zaga Nijeriya ne saboda barikin soja, mazaunin Birged ta 33 ta sojojin manyan bindigogi a Bauchi. Wanda ya san zaman bariki ya san cewa da muƙami ake rabon ɗaki, ba a tambayar mutum alƙiblarsa. Shi ya sa za ka tarar da Basayi daga Bogoro, da Babarbare daga Borno, da ɗan Tibi daga Binuwai, da Bafulatani daga Adamawa a jere guda, matansu suna layi a famfo ɗaya, suna shanya a igiya ɗaya, 'ya'yansu suna buga ƙwallo a fili ɗaya. Rundunar soja tana da limamanta na Musulunci, da na Katolika, da na sauran ɗarikun Kirista, kowa da ɗakin ibadarsa. Ranar Lahadi da yamma, in rana ta yi sanyi, ana ganin matan zumunta sanye da zanensu na anko suna fita ziyara gida gida, ana ganin matasa riƙe da 'yan takardun bishara. Wani ya karɓe su da fara'a ya shimfiɗa tabarma, wani ya amsa sallama daga bayan labule, wani kuma ransa ya ɓaci har ya kwana yana mita. A irin wannan wuri ne tambayar take da nauyi sosai: daidai ne Kirista ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya ce masa ya zo majami'a?

Amsata ita ce daidai ne, kuma ga mai bi na gaskiya ma wajibi ne. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a kan sharaɗin nan ne nake so in tsaya. Al'adarmu ta riga ta koya mana yadda ake gayyata. In mutum zai yi suna ko ɗaurin aure, goro ko alewa yake aika wa mutanen da ya sani, waɗanda suke gaisawa, waɗanda ya taɓa zuwa nasu. Wanda aka kai wa goron yana iya zuwa, yana iya aiko da uzuri, yana iya yin shiru, gobe kuma a haɗu a kasuwa a gaisa kamar jiya. Takardar da ba ka da ikon ƙin amsa ta tana da nata suna dabam, sammaci ake ce mata, kuma daga kotu take fitowa. Kiran maƙwabci zuwa majami'a yana da tsarki muddin ya zauna a matsayin goron gayyata. Da zarar tsoro ya shiga cikinsa, ko kunyar babba, ko yunwa, ko barazanar yanke zumunci, ya koma sammaci, ko da da murmushi aka miƙa shi.

Akwai masu cewa a bar zancen gaba ɗaya, kowa ya tsaya a kan addininsa a zauna lafiya. Maganar tana da daɗin ji, kuma yawancin masu faɗarta mutanen kirki ne da suka gaji da ganin jini. Amma ba ta dace da ko ɗaya daga cikin addinan nan biyu ba. Linjilar Matiyu ta rufe ne da umarnin Yesu Almasihu ga almajiransa cewa su kai saƙon ga dukan al'ummai, kuma ikkilisiyoyin Arewa a kan wannan umarni suka tashi. Mishan ɗin SIM, wadda ta faro a 1893, ita ta haifi ECWA a 1954, ita kuma ECWA tana da nata reshen masu bishara 'yan ƙasa, wato EMS. Mishan ɗin SUM ta kafa sansaninta na farko a Wase a 1904, daga aikinta COCIN ta fito, wadda take da ƙarfi a Tafawa Ɓalewa da Bogoro. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, bayan wahalar shekaru da su Dokta Walter Miller na Zariya suka sha. A farkon shekarun 1960 aka kafa ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda tushen koyarwarta shi ne kowane mai bi, manomi ne ko tela ko matar aure, shi ma mai shaida ne, aikin bai tsaya ga fasto kaɗai ba. Musulmi mai karanta wannan shafi ba baƙo ba ne ga irin wannan nauyi, domin ya san da'awa, ya san wa'azin ƙasa na Izala, ya girma yana jin tafsirin Sheikh Dahiru Usman Bauchi a rediyo cikin azumi. Mutumin da ya gaskata cewa ya sami hanyar tsira, ya kuma ɓoye wa wanda suke raba katanga, da wuya a kira abin da ya yi ladabi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addini, da canza shi, da yaɗa shi. Saboda haka ba a kan ko za a yi kira gardamar take ba, a kan yadda za a yi shi take.

A nan dole mu Kirista mu dubi tarihinmu da gaskiya. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma shekaru da yawa aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin biranen masarautu. Ƙofar da ta buɗe musu daga baya ta magani ce. A shekarun 1930 SIM ta karɓi kula da zangon kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, daga baya aka yi irin wannan aiki a Bayara, nan gefen Bauchi. Babu mai adalcin da zai raina abin da aka yi a waɗannan wurare. Mutanen da danginsu suka guje su sun sami masu wanke musu gyambo da hannu. Amma daga nan ne kuma wani zargi ya yi saiwa a zukatan Musulmi da yawa, cewa Kirista ba ya ba ka magani sai da ƙugiya a ciki. Ko zargin ya yi daidai a wani wuri ko ya wuce gona da iri, yana nan da ransa, kuma duk wanda zai yi sallama a ƙofar Musulmi yau ya sani cewa zargin ya riga shi isa. Manyan majalisun Kirista na duniya sun gane wannan. A watan Yunin 2011 Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya, da ofishin Fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai, da Ƙawancen 'Yan Bishara na Duniya, suka fitar da takardar haɗin gwiwa a Janiba a kan ladubban shaida a cikin jama'a mai addinai da yawa. Sun yi tir da yaudara da tilastawa, sun kuma ce amfani da talaucin mutum ko ba shi abin duniya don ya sauya addini ba shi da gurbi a aikin bishara. Ba sau da yawa waɗannan ɓangarori uku suke sa hannu a takarda ɗaya ba, kuma abin takaici ne a ce masu fita ziyara a unguwanninmu da yawa ba a taɓa karanta musu ita da Hausa ba.

Hanyar da aka fi ɗauka da muhimmanci a shekarun baya ita ce ta babban taro, da fili, da lasifika, da fastoci a bango. Mun ga inda ta kai mu a wasu lokuta. A watan Maris na 1987, wa'azin da aka yi a taron ɗalibai Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wanda aka zargi mai yinsa da taɓa Alƙur'ani da Annabi, ya zama wutar da ta ci har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A watan Oktoban 1991, shirin gangamin mai wa'azi Reinhard Bonnke a Kano ya ƙare da asarar rayuka masu yawa tun kafin ya hau mumbari. Ina so a fahimce ni sarai: babu kalmar da ta halatta kisa, babu fastar da ta halatta ƙona majami'a ko masallaci, kuma alhakin jini yana wuyan wanda ya zubar da shi. Abin da nake nunawa shi ne irin wannan kira ba ya da fuska. Mai magana bai san mai ji ba, mai ji bai san mai magana ba, tsakaninsu sai ƙarfe da jita-jita. A irin wannan tazara kalma ɗaya da aka fassara ba daidai ba tana isa. Ko sunan da ake ba tarukan da Turanci, wanda asalinsa sunan yaƙe-yaƙen da Turawa suka kai ƙasar Falasɗinu ne ɗaruruwan shekaru da suka wuce, yana shiga kunnen Musulmi mai ilimin tarihi kamar gangar yaƙi, alhali muna da namu kalmomi masu sanyi, taron farkawa ko taron bishara.

Bauchi ta sha nata rabon. Rikicin watan Afrilun 1991 ya faro daga gardamar nama a Tafawa Ɓalewa ya shigo cikin gari. Ranar 29 ga Mayun 2011, ranar da aka rantsar da Shugaba Goodluck Jonathan, bama-bamai suka tashi da dare a kasuwar Mami ta barikin Shadawanka, mutane fiye da goma suka mutu. Ranar 3 ga Yunin 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari da mota a majami'ar Living Faith da ke Yelwa, ranar 23 ga Satumban wannan shekarar aka kai wani a cocin Katolika na St. John. Tun daga lokacin ƙofar majami'a ta canza kama. Aka sa shinge, aka sa matasa masu bincike da na'ura, aka hana shiga da manyan jakunkuna a wurare da dama, baƙuwar fuska ta zama abin kallo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba mai ganin laifinsa. Amma a duba abin da wannan ya yi wa gayyata. Ka ce wa mutum ya zo, ya zo, a tare shi a bakin ƙofa ana lalube shi ana tambayarsa wa ya aiko shi. In ba wanda ya gayyace shi ne ya tafi har gida ya ɗauko shi, ya shiga da shi, ya zauna kusa da shi ba, to wulaƙanci aka kira shi ya sha. Wata illar kuma ta fi wannan zurfi. Kowane rikici yana sa mutane su kwashe kayansu su koma inda nasu suka fi yawa, har ya zama da ka ji sunan unguwa, Yelwa ko Rafin Zurfi ko cikin gari, ka san addinin yawancin mazaunanta. Maƙwabcin da za a gayyata ma yana neman ɓacewa. Wurare irin su Shadawanka, inda aiki ya tilasta cuɗanya, sun zama kamar rumbun iri, kuma ɓata zaman da ke cikinsu da gaggawar wa'azi asara ce babba.

Kafin ma a kai ga Musulmi, akwai tambayar da masu fita bishara ba su cika yi wa kansu ba: wane ne ya fi kusa, ya fi kuma bukata? A bariki amsar tana bayan kowane labule. Akwai saurayin soja da aka yi wa baftisma a ƙauyensu, aka turo shi Bauchi bai san kowa ba, rabonsa da sujada tun yana horo, yammacinsa duk a kasuwar Mami yake ƙarewa. Akwai matar da mijinta yake bakin daga a Borno wata da watanni, wayarta a ƙarƙashin matashi, duk lambar da ba ta sani ba in ta kira sai gabanta ya faɗi. Akwai wanda ya dawo daga bakin daga da jikinsa lafiya amma barci ya ƙaurace masa, ƙarar faɗuwar kwano tana sa shi zabura, ya koma shan abin da zai mantar da shi. Akwai gwauruwar da aka yi wa gaisuwa kwana uku aka watse, ga 'ya'ya, ga bin takardun haƙƙin mamaci daga ofis zuwa ofis, ga sanin cewa ɗakin bariki ba gadon kowa ba ne. Waɗannan mutane da yawansu sunayensu Bitrus ne da Rifkatu da Istifanus, kuma ba sa bukatar a yi musu gardamar tauhidi. Suna bukatar wanda zai zauna a bakin gadonsu, ya riƙe musu yaro, ya raka su asibiti, sa'an nan ranar Lahadi ya biyo ya ce mu tafi tare. Matan zumunta sun fi kowa iya wannan aiki, kuma su aka fi mantawa in ana rabon yabo. Abin da ya kamata a guje wa a nan shi ne abin da fastoci suke kira satar tumaki, wato a bar wanda ba ya zuwa ko'ina a je a zauna a kan ɗan Katolika ko ɗan ECWA ana gaya masa cewa majami'arsu ta mutu, ya dawo sabuwa inda ake mu'ujiza. Kujeru suna cika ta wannan hanya, baiko yana ƙaruwa, amma ba a ƙara wa garken ko tunkiya ɗaya ba, an dai sauya mata turke.

Zaman bariki yana da wani haɗari nasa na musamman. Wuri ne da aka gina a kan umarni da biyayya, inda ƙarami ba ya cewa babba a'a. In hafsa ya ce wa kurtu yana so ya gan shi a majami'arsu ranar Lahadi, kurtun ba zai ji gayyata ba, oda zai ji, zai kuma tuna cewa hutunsa da ƙarin girmansa suna bi ta teburin mutumin nan. Haka matar babba da matar kofur, haka magajiyar bariki da matan da take sasanta rigimarsu, haka mai gida da yarinyar da ke yi masa aiki, haka malami da ɗalibi. Wannan doka ba ta Kirista kaɗai ba ce. Hafsa Musulmi da ya matsa wa na ƙasa da shi ya faɗa cikin laifi iri ɗaya. Wanda yake da iko a kan abincin wani ya bar halinsa ya yi magana, in an tambaye shi ya amsa, gayyatar kuma ya bar wa tsaran mutumin. Batun yara ya fi wannan tsanani. Jan ɗan maƙwabci zuwa makarantar Lahadi da alewa ko biskit ba da sanin iyayensa ba cin amana ne, kuma duk uban da ya yi tunanin a yi wa ɗansa haka ta ɗaya ɓangaren zai gane zafin abin nan take.

To maƙwabci Musulmi fa, ta ina ake bi? Kakanninmu a garuruwan da aka cuɗanya sun riga sun share hanya. In Kirsimeti ta zo, mai gida yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa akuya ko kaji, domin in an dafa kowa ya ci ba tare da shakka ba. Yara su ɗauki kwanuka, shinkafa da miya da cincin, su bi ƙofa ƙofa. In Babbar Salla ta zo kwanukan su dawo da soyayyen nama da masa. A garin da gardamar nama ta taɓa jawo zubar da jini, wannan ɗan yankan ba ƙaramin abu ba ne, domin ma'anarsa ita ce na san abin da addininka ya hana ka, kuma na girmama shi tun kafin ka roƙa. Mutumin da ya ci abincinka shekara da shekaru, ka je sunan ɗansa, ka tsaya a jana'izar mahaifinsa, in ka ce masa ranar Asabar za a ɗaura auren 'yarka a majami'a, ko za a yi waƙoƙin Kirsimeti, ko sujadar godiya don ka dawo daga daga lafiya, ba zai ji an kai masa hari ba. A Kaduna, Fasto Yohanna Buru ya shafe shekaru yana karɓar Musulmi, har da malamai, a majami'arsa ranar Kirsimeti, shi ma yana zuwa nasu tarukan. Amma baƙo yana da haƙƙi. A gaya masa gaskiyar abin da zai tarar, cewa za a yi wa'azi da sunan Yesu, za a yi waƙa da kiɗa, maza da mata suna ɗaki ɗaya. Kada a ce masa liyafa ce ya zo ya tarar da taron tuba. Kada mai wa'azi ya hango hularsa ya juya huɗubar kansa, kada a sa shi ya miƙe a tafa masa kamar an kamo ganima, kada a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook. Mai gayyata ya tuna cewa shi in an tashi gida zai koma ya ci tuwo, shi kuwa baƙon zai koma cikin dangi da abokan sallar da za su tambaye shi me ya kai shi.

Sai kuma a koyi jin a'a irin ta mutanenmu. Bahaushe, da duk wanda ya tashi cikin tarbiyyar Hausa, ba ya cika ce wa maƙwabci ba zan zo ba. Zai ce to, sai na gani. Zai ce in Allah ya yarda, ya kawar da kai. Zai ce na gode ƙwarai, ya sako zancen ruwan sama. Duk wanda ya sha nonon wannan harshe ya san an ba shi amsa, kuma an ba shi ita cikin sutura don kada ya ji kunya. Mai naci da ya mayar da wannan kara tamkar rabin amincewa, ya dawo gobe, ya dawo jibi, yana tura mutum ne zuwa ɗayan abu biyu, ko ya yi ƙarya ko ya yi rashin kunya, kuma ko wanne ya zaɓa zumunci ya tsage.

Na san abin da ɗan'uwa mai himma zai ce. Zai ce wannan tsoro ne aka sa wa rigar hikima, manzanni an yi musu bulala an jefa su kurkuku ba su yi shiru ba. Gaskiya ne ba su yi shiru ba, ni ma ban ce a yi shiru ba. Amma a koma a duba yadda mutanen farko suka zo. A farkon Linjilar Yohanna, Andarawus ɗan'uwansa Bitrus ya fara nema. Filibus abokinsa Natanayilu ya samu, da abokin ya yi shakka bai yi masa gardama ba, ya dai ce ya zo ya gani da idonsa. Wasiƙar Bitrus ta fari ta ce mai bi ya zauna a shirye ya ba da dalilin begensa ga mai tambaya, ta kuma ɗaura masa sharaɗin tawali'u da girmamawa. Bulus a Atina da yabon himmar mutanen garin wajen ibada ya buɗe jawabinsa. Sa'an nan a auna jaruntakar da kyau. Wanda ya hau mota da lasifika ya zaga unguwar da ba a san shi ba, ya watsa takardu ya wuce, ba abin da ya sa a faifai. Wanda ya buɗe baki ya yi wa maƙwabcinsa zancen Almasihu ya jingina dukan rayuwarsa a kan maganar, domin mutumin nan yana jin yadda yake yi wa matarsa magana ta bayan bango, ya san ko yana biyan bashi, ya san yanayin da yake dawowa gida da dare. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma ina zargin wahalarsa ce take sa wasu suka fi son lasifika.

Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi daga wajen Musulmi yake zuwa, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Zai ce, ashe duk kwanon abincin da ziyarar asibitin tarko ne, ana kiwona ne don a yanka. In alherin yana tsayawa ranar da aka ce a'a, to mai ƙorafin ya yi gaskiya, tarko ne, kuma wanda ya ɗana shi ya yi zunubi. Ma'aunin yana nan a bayan ƙin amsawa. Kwanon Kirsimeti ya ci gaba da zuwa? Ana ci gaba da gaisuwar asuba a bakin famfo? In ɗansa ya kwana da zazzaɓi, za a tashe ka ka kai su asibiti da babur ɗinka kamar da? Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa a Linjilar Luka ya ɗauki mutumin da ba addininsu ɗaya ba, ya biya kuɗin jinyarsa, ya tafi, labarin bai ce ya nemi wani abu a wurinsa ba. A zamaninmu ma wanda ya nuna wa ƙasar nan wannan hali a fili limamin masallaci ne. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu bindiga ya hana su shiga. Bai ce sai sun yi kalmar shahada zai buɗe ƙofa ba. Duk Kiristan da zai fita bishara ya kamata ya san wannan labari, domin zai hana shi kallon maƙwabcinsa kamar filin da ba a taɓa shuka alheri a cikinsa ba.

Nauyin ba a kafaɗa ɗaya yake ba. In Kirista ya yi sallama cikin ladabi, ya faɗi abin da ya gaskata ba tare da zagin abin da kake girmamawa ba, bai yi maka laifi ba, kuma amsarsa ita ce na gode, ina kan addinina. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Baƙara, ya kore tilas a cikin addini, a Suratun Nahli kuma ya yi umarni da kira cikin hikima da kyakkyawan wa'azi. Wanda yake murna in an musulunta a bainar jama'a, adalci ya ce kada ya nemi ran wanda ya bi ta ɗaya hanyar. Malamai da fastoci da masu unguwa su ne za su faɗi wannan a fili tun ana zaune lafiya, kafin wata jita-jita ta riga su. Haka kuma batun ƙarar lasifika cikin dare, na kwanan addu'a ne ko na wa'azi, abu ne da shugabannin ɓangarorin biyu za su iya zama su sa masa lokaci ba sai hukuma ta shiga ba. Sojan da ya kwana a tsaye yana gadi, da jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci, ba sa tambayar daga wane ɗakin ibada ƙarar take fitowa.

Ga dattawan ikkilisiyoyin Shadawanka da kewaye kuwa, aikin yana farawa tun kafin a fita. Ana koya wa matasa ayoyin da za su karanta da amsoshin da za su bayar in an yi musu gardama, amma ba a cika koya musu lokacin da ba a shiga gidan mutane ba, kamar lokacin sallar magariba ko dab da shan ruwa cikin azumi. Ba a gaya wa samari cewa gidan da matan aure suke cikin kulle ba a tsallaka zaurensa, aikin matan zumunta ne in an yarda su shiga. Kafin dattijo ya miƙa wa yaro damin takardu ranar Lahadi, ya tambaye shi sunan mutumin da ke ɗaki na gaba da nasu, da garinsu, da sunan 'ya'yansa, da ko an yi masa rasuwa a bana. In yaron ya kasa amsawa, a ajiye takardun tukuna, a tura shi ya je ya gaida mutumin.